KLayout wajen zana da'ira da Python

Gaskiya KLayout, manhajar zana tsarin chip na kayan lantarki, ta burge ni, kyauta ce kuma tana karɓar harsunan kwamfuta na Python da Ruby. Abin da ya fara ɗaure min kai, fayil ɗin GDSII, wanda ake ajiye zanen chip a cikinsa, ba shi da da'ira ta ainihi, sai dai a jera ɗigo su zagayo, to da na kira DPolygon.ellipse, wadda ke zana da'ira a KLayout, na ba ta ɗigo 32 na yi zumin sai ga gefen duk kusurwa kamar rogon da aka fere da gaggawa, da na mayar 256 wallahi ta yi sumul kamar bakin faranti. Amma fa kar a zarce, ɗigo na yawa fayil na kumbura. Masu zana zoben haske a kan silikon, wato ɗan ƙaramin zoben da haske ke zagayawa a cikinsa, ku gwada KLayout, za ku ji daɗinta.