Injin Tartsatsin Lantarki ko Injin Wasa Ƙarfe: Abin da Mai Aikin Ƙarfe a Maraɗi Zai Duba Kafin Ya Saya

Masu aikin ƙarfe a Maraɗi da ke ƙera mazuban roba da bakunan huda kwano da kayan gyaran injinan matsar man gyaɗa sun san wahalar ƙarfen da aka riga aka taurara, wanda magagari ba ya kama shi, bakin injin sassaƙa kuma yakan dakushe a kansa tun aiki bai yi nisa ba. Irin wannan ƙarfe ne ya sa wasu ke sha'awar injin da ake kira EDM, wanda ke cinye ƙarfe da tartsatsin lantarki ba tare da ya taɓa shi ba. Masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Boris Lazarenko da matarsa Nataliya, su ne suka mayar da wannan dabara abin aiki a 1943. Ana nutsa ƙarfen cikin mai ko ruwa, a kusanto masa da sanda ko waya har tazarar ta gaza kaurin gashi, sai tartsatsi dubbai su riƙa tashi a kowace daƙiƙa, kowanne da zafin da ya kai digiri 8,000 zuwa 12,000, yana narkar da ɗan ƙanƙanin wuri, ruwan kuma yana kwashe tarkacen. Taurin ƙarfe bai dame shi ba, sharaɗi ɗaya shi ne abin ya kasance lantarki na ratsa shi.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne santsin da wannan inji ke bayarwa da lokaci ake sayen sa. Idan aka buɗe masa wuta sosai yana ci da sauri, amma fuskar ƙarfen takan fito da ƙananan ramuka kamar bawon lemu, idan kuwa ana son ta yi sumul sai an rage ƙarfin tartsatsin an sake bi sau da yawa, aikin awa ɗaya ya koma na wuni. Ana auna kaushin fuska da mikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma cin farko yakan bar mikiron da dama, bi na ƙarshe a inji mai kyau ne ke sauko da shi ƙasa da ɗaya. Akwai kuma abin da ɗan kasuwa ba ya yawan faɗa. Ƙarfen da ya narke bai tafi da ruwa ba yakan sake daskarewa a saman aikin, ya zama wata farar fata mai tauri da saurin karyewa, sau da yawa da tsage-tsagen da ido ba ya gani. A mazubin roba wannan ba lallai ya dami kowa ba, amma a bakin huda da ke shan duka dare da rana, daga waɗannan tsage-tsage ne karaya ke farawa, shi ya sa ake goge fatar da dutse mai laushi, a kuma sake gasa ƙarfen a zafin da ya ɗan gaza na gashinsa na baya.

Saboda haka wanda buƙatarsa ita ce fuska shimfiɗaɗɗiya mai santsi, ba ya da dalilin sayen injin tartsatsi ko kaɗan. Injin wasa ƙarfe mai tebur, wanda ke goge fuskar ƙarfe da dutse mai juyawa, zai ba shi fuskar da kaushinta bai kai mikiron ɗaya ba cikin ɗan lokaci, da kuɗi kaɗan, kuma makaniken gari zai iya gyara shi.

Inda dutsen wasa ba ya shiga, nan ne ake buƙatar injin tartsatsi, zaɓinsa kuma ya rabu biyu. Inji mai sanda shi ne na ramukan da ba su ɓulle ba, kamar cikin mazubin murfin jarka ko tambarin da ake bugawa a sabulu. Ana sassaƙa sandar da jan ƙarfe ko girafit, wato irin baƙin abin da ke cikin fensir, daidai siffar ramin, ita ma tana cinyewa a hankali, don haka aiki mai kyau yakan so sanda biyu, ta ci da ta gamawa. Jan ƙarfe ya fi ba da santsi, girafit ya fi sauri da jure zafi, sai dai sassaƙa shi na tayar da baƙar ƙura. Ma'ana, wanda ba ya da injin sassaƙa mai daidaito da zai yi sandunan, ya sayi rabin sana'a ne kawai. A cikin mai inji mai sanda ke aiki, kuma ina jan hankali sosai a nan, domin a zafin watan Afirilu da Mayu da ke haura digiri 40, zuba kananzir a madadin man da aka yi don injin kasada ce ta gobara, balle idan mai ya yi ƙasa har tartsatsi ya fito sarari.

Inji mai waya kuwa yanka yake yi daga sama har ƙasa, shi ne na bakunan huda da haƙoran giya. Iri biyu ne a kasuwa. Na kamfanoni irin su Sodick da Makino da Mitsubishi Electric na Japan, da AgieCharmilles na Suwizalan, suna aiki da wayar tagulla mai kaurin milimita 0.25 galibi, wadda ke wucewa sau ɗaya a jefar, cikin ruwan da aka tace aka cire masa gishiri, kuma daidaitonsu da santsinsu ba a magana. Amma suna son ɗaki mai sanyi marar ƙura, da matatai da garin tace ruwa da ake canzawa a kai a kai, kuma duk daga waje za a kawo su a biya kuɗin duwan. Na Sin da ake kira DK77 suna amfani da wayar wani ƙarfe mai jure zafi da ake kira molibdinam, mai kaurin milimita 0.18, da ke kai da komowa a kan ganga, ana aiki da ita har ta sirance, ruwansu kuma gaurayen ruwa ne da mai mai narkewa. Yanka ɗaya yakan bar kaushin kusan mikiron 2.5, sababbin da ke sake bi sau biyu ko uku suna kusantar ɗaya. A ganina, ga yawancin ayyukan Maraɗi wannan ne ya dace, matuƙar an ɗauki mai sake bi.

Wutar lantarki ce za ta yanke hukuncin ƙarshe. Injinan nan galibi layi uku suke so mai bolt 380, kuma na'urorin cikinsu ba sa jure hawa da saukar wuta. Babban kaso na wutar NIGELEC a Maraɗi daga Najeriya yake zuwa ta Katsina, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga da aka katse ta a 2023. Don haka kuɗin janareta da na'urar daidaita wuta da rufe ɗaki saboda ƙurar hunturu, duk cikin farashin injin suke, a kuma tabbatar injin yana iya ci gaba daga inda ya tsaya idan wuta ta dawo. Wanda aikinsa bai wuce mazubi ɗaya ko biyu a wata ba, gara ya riƙa kai aikin inda injin yake, har odar ta yi yawan da za ta ciyar da nasa.

Kafin a biya kuɗi, a kai wa mai sayarwa guntun ƙarfen da aka saba aiki da shi, a taurare, ya yanka a gaban mai saye. A duba agogo, a auna aikin da ma'aunin mikiromita sama da ƙasa don ganin ko yankan ya karkace, a ja farce a kan fuskar a ji ko yana kamawa, sannan a rubuta a takardar ciniki wanda zai zo ya kafa injin, ya koyar da ma'aikaci, da inda za a samo waya da ƙananan tayoyin da take bi idan sun cinye.