Mai dashen bakin titi da ya gyara mana tsakar gida: a sayi kayansa, amma banda kuɗin kula na wata

Masu tambayata wa ya yi mana shuke-shuken tsakar gida sun yi yawa, toh bari in faɗi ra'ayina sau ɗaya kowa ya huta. Wani dattijo ne cikin masu sayar da fulawa da dashen itatuwa a bakin titi ta wajen Nasarawa a Kano, irin waɗanda zakaga sun jera baƙaƙen ledoji a ƙarƙashin inuwa yaransu na ta zuba ruwa da safe. Bazan faɗi sunansa ba saboda akwai inda zan yabe shi akwai kuma inda zan ɗan taɓa shi. A taƙaice dai kayansa masu kyau ne, shawararsa tafi kayan ma, amma aikin da yaransa keyi bayan an gama dashe sai a hankali.

Abinda ya fara burgeni dashi shine mutumin baya sayar maka da abu dan kawai ka nuna da yatsa. Ni ciyawa nake so, irin kafet ɗin nan kore shar da ake gani a otal, na riga na gama tsara yadda yara zasu dinga birgima akai. Tambayar farko da yayi min itace, Alhaji burtsatse gareka ko 'yan garuwa kake saye? Nace akwai burtsatse amma sai an kawo wuta ko an tada janareta ake cika tanki. Yayi dariya yace toh ranka ya daɗe ka bar maganar ciyawa, daga Maris zuwa Mayu idan ta kwana biyu bata sha ba ta tafi, kuma kai zaka zo kace na cuceka. Kuma gaskiyarsa ne, duk wanda ya san bazarar Kano yasan zafi na haura digiri 40, ruwan sama kuwa daga wajen Yuni ne zuwa Satumba, sauran watannin duk kai ne damina. Wanda yake sayen jarka a kura ya lissafa kawai jarka nawa mai lita 25 zata jiƙa fili kullum, zai gane ciyawar nan ta masu sola ce da tanki biyu. Ga shi ciyawar ita tafi kawo masa kuɗi, amma ya hanani, wannan kaɗai yasa na yarda dashi.

Na biyu maganar bishiya kusa da katanga. Kowa yanzu ambarela yake so a ƙofar gida saboda tana saurin girma kuma inuwarta ta burge, shi kuma yace a gida irin namu na fuloti ɗaya kar in kuskura, saiwarta a sama-sama take tafiya, tana ɗaga intalok tana neman sokawe duk inda yake. Darbejiya ma haka yace, a waje can nesa da fandisho, ba cikin gida ba. Bayan ya faɗa ne na fara lura da gidajen layinmu, wlh kusan duk mai ambarela a ƙofa intalok ɗinsa ya kumbura ya rabe. Ya auna da ƙafa daga katanga zuwa tsakiyar fili yace mangwaro ɗaya tak gidan zai ɗauka, shima sai an bashi kamar mita 5 daga gini kuma a dinga rage masa kai. A jikin katanga kuwa abubuwa marasa ƙarfin saiwa ya jera, gwanda, zogale, rumman, sai lalle daga can gefen ƙofa wanda uwargida ce ta dage akai.

Mangwaron nan shi zan fi tsayawa akai dan anan ake yiwa mutane wayo a wurare da yawa. Dashe mai aure ya bani, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani mangwaron, kuma bai tsaya da baki ba, ya tsuguna ya nuna min gaɓar da aka haɗa, wani ɗan kumburi ne kaɗan sama da ƙasar leda, har da ragowar farar ledar da aka ɗaure wurin da ita, ɓawon ƙasa da na sama ma launinsu ba ɗaya ba. Yace duk wanda yace maka dashensa mai aure ne kace ya nuna maka wannan wurin, in babu toh ƙwallo kawai aka binne. Bambancin ba ƙarami bane, mai aure cikin shekara 3 zuwa 4 yake fara 'ya'ya kuma irin da aka ce maka shi zaka ci, na ƙwallo kuwa sai ka jira shekara 6 ko fiye sannan ƙila ya fito mai zare da tsami. Kuɗinsa ya ninka na ƙwallo fiye da sau biyu, amma ni banga tsada anan ba. Ya kuma ja min kunne akan abu biyu, kar a binne gaɓar auren cikin ƙasa, kuma duk tohon da ya fito daga ƙasan gaɓar a cire shi nan take dan na uwar ne, in aka barshi shi zai rinjayi na saman. Lemun tsamin da na ƙara daga baya shima haka tsarinsa yake.

Ramin da suka haƙa ma abin kallo ne. Sabon gida ƙasarsa ba ƙasa bace, buraguzan bulo ne da busasshen siminti da ledar fiya wata da magina suka binne, sai marmara da aka yi ciko da ita. Yaran sun haƙa kamar ƙafa biyu zurfi ƙafa biyu faɗi, suka kwashe duk wannan tarkacen, suka cika da baƙar ƙasa haɗe da ɗan yashi da kashin shanu wanda ya riga ya ruɓe ya zama gari baya ko wari. Maƙocina yazo da buhun kashin kaji ɗanye daga gonarsa yace a zuba kyauta, dattijon ya hana, yace ɗanye zafi gareshi ƙona saiwa yake, a jibge shi gefe ya sha ruwa ya huce tukunna. Takin zamani NPK 15-15-15 ma cewa yayi sai dashen ya kama ya fara sabon ganye, kuma ɗan cikin cokali a zagaye nesa da gindi. Gwanda kuwa tudu yayi mata saboda ruwan Agusta, wai in ruwa ya kwanta a gindinta kwana kaɗan ta ruɓe, kuma guda uku ya dasa wuri ɗaya dan ba'a gane namiji sai ta yi fure, in ta nuna sai a sare wanda baya haihuwa.

Tukwanen roba da bokitai dai kar ka saya a wajensa, ya ɗora riba sosai, ka shiga Kofar Wambai ka zaɓa da kanka ka huda gindin. A ciki muka sa na'a-na'a da ɗaɗɗoya da ciyawar shayi a bayan kicin, kuma na'a-na'a dole sai a tukunya dan in ta samu ƙasa mamaye ko'ina take.

Toh yanzu inda ban ji daɗi ba. Bayan an gama dashe sai yace akwai tsarin da ake biya duk wata, yaronsa zai dinga zuwa sau biyu a sati yana duba shuka, yayi aski, yayi feshi in da ƙwari. Watan farko lafiya lau. Daga nan sai zuwa ya koma sau ɗaya, daga baya sai ka kira waya a kashe, in ka samu yace gashi nan a hanya ya kusa Kabuga, kuma har magariba babu shi babu labarinsa. Ranar da yazo kuma sauri yake, ya buɗe tiyo da tsakar rana ya watsa ruwa sama-sama ya tafi, alhali ubangidansa da bakinsa yace da sassafe ko da yamma ake ban ruwa kuma a bari ya nutsa. Fararen ƙwarin nan masu kamar auduga suka cika bayan ganyen gwanda har ganye ya fara nannaɗewa bai ko gani ba, uwargida ce ta lura. Gara ma ta fara hawa rumman saboda busasshiyar ciyawar da ya tara a jikin gindin maimakon ya ɗan ja ta baya. Dana koma na faɗawa dattijon ya bada haƙuri sosai, yace Alhaji yaran yanzu sai addu'a, gidaje sun musu yawa, ya sake min rumman ɗaya kyauta ya kuma nuna min yadda ake jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana a tace a fesa da yamma. Hakan yayi kyau, amma kuɗin watannin da yaro bai zo ba ko maganarsu bai tayar ba, kuma wani yaron da ya turo shima sammakal.

Wani abin kuma, baya rubuta komai. Ba rasit, ba sunan iri a jikin leda, duk a kansa yake. In kana so ka tuna wane irin mangwaro ko gwaiba ka saya toh ka rubuta da kanka a wurin, ko ka ɗauki hoto da waya. Ciniki kuma ana yi, farashin farko da zai faɗa ya danganta da motar da ka fito daga ciki, wanda wannan kam ba shi kaɗai ba duk layin haka suke.

Ga wanda yake shirin zuwa, ka je a farkon damina, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, lokacin dashe yafi kamawa kuma Allah ne ke maka ban ruwa wata biyu zuwa uku. Kar ka je da hunturu kaga fulawa ta yi kyau a inuwarsa ka kwaso, a can sau biyu take sha a rana. Ka zaɓi dashe matsakaici ba wanda ya daɗe a leda har saiwa ta huda ta shiga ƙasa ba, ka ɗaga ledar ka duba gindinta. Ka biya shi ya zo da kansa ranar dashe, wannan kuɗin halal ne ya ci. Kula ta wata kuwa ka riƙe kuɗinka, mu yanzu bokiti muka ajiye a wurin alwala, ruwan da ya taru shi ke zuwa gindin zogale da lemo, na wanki mai omo ne kawai bama zubawa, kuma babban yarona ne ke zagayawa da shi bayan la'asar in ya dawo daga islamiyya.