Sharhi kan gidan Stokesay a Shropshire: gidan attajirin ulu

Duk wanda ke zaune a Ingila kuma ya gaji da yawon shaguna a Bamingam, ina ba shi shawara ya leƙa Stokesay, amma fa kar ya tafi da tunanin zai ga wata gagarumar ganuwar yaƙi. Gidan ɗan kasuwa ne. Laurence na Ludlow, ɗaya daga cikin manyan dillalan ulun tumaki na zamaninsa, shi ya gina shi, a 1291 Sarki Edward na ɗaya ya ba shi izinin yi masa katangar tsaro, kuma a lokacin an riga an ci Wales da yaƙi, iyakar Ingila da Wales da ke kusa da wurin ta ɗan lafa, shi ya sa mutumin ya saki jiki ya buɗa tagogi manya-manya har a bangon da ke kallon waje. Wanda ke tsoron kibiya ai ba zai yi haka ba. Ni dai abin da na gani nuna arziki ne, da ɗan tsaro saboda ɓarayi. Bai ma daɗe a ciki ba, a 1294 ya nitse a teku da jirgin da ke kai ulu ƙetare.

Zuwa ba wuya, jirgin ƙasa ya sauke mu a garin Craven Arms muka taka kamar mil ɗaya, mai mota kuma titin A49 zai bi.

Ƙofar shiga ita ke fara ɗaukar ido, ginin katako mai ruwan ɗorawa da sassaƙe-sassaƙe a jiki, kowa hoto yake yi a nan, sai dai ita daga baya aka yi ta, wajen 1640. Babban zauren shi ne ya biya min kuɗina wallahi. Ka shiga ka ɗaga kai, katakan rufin tun na ainihi ne, sama da shekara 700, sun yi baƙi da hayaƙi don a tsakiyar ɗakin ake hura wuta, gurbin murhun yana nan a ƙasa, ga matakala a gefe da aka sassaƙa kowane taki daga gungumen itace guda, kuma har yau ana hawanta, na hau ina addu'a a zuci. Ba kujeru ba gadaje ba komai, abokin tafiyata ya ce wai wannan ai kango ne, ni kuwa hakan ya fi min, ka ga ginin tsirararsa.

Ɗakin maigida a sama ya ba ni dariya. An lulluɓe bangon da katako, saman murhun sassaƙa ce cunkus, sannan ga wasu 'yan ƙananan tagogi da ake leƙen zauren ta ciki, wato alhaji yana hutawa yana kallon wa ke ci wa ke zaman banza.

Hasumiyar kudu matakalarta ƙunci gare ta, mai ciwon gwiwa ya haƙura, amma daga sama ka ga tuddan Shropshire kore shar, tumaki ko'ina, kogin Onny na bi ta kwari. Cikinta ya taɓa ƙonewa a 1830 lokacin da aka mai da ƙasan maƙera. A yaƙin basasar Ingila tsakanin sarki da majalisa ma, 1645, sojojin majalisa na zuwa aka miƙa wuya ba a wani gwabza ba, ƙila shi ya sa gidan ya tsira. Wani mai sana'ar safar hannu, John Derby Allcroft, ya saye shi a 1869 ya gyara bai sauya masa kama ba, yanzu English Heritage, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi a Ingila, ke kula da shi.

Abin da ya ɗan rage min daɗi ƙarar motoci da jirgin ƙasa, suna kusa sosai, sai sanyin zauren da ke ratsa ƙashi, a tafi da rigar sanyi ko da rana ta fito. Gwalalon da ya zagaye gidan ba ruwa yanzu, ana zagayawa ta ciki, yara za su so shi. Akwai wurin shan shayi, mu kek kawai muka ci. Awa biyu ta isa har da leƙa tsohon cocin da ke gefe, kuma a duba ranakun buɗewa kafin a taso, da hunturu ba kullum ba ne.