Wace rina za ka saya don ƙwarin ɓawo a gonar lemu?

Kafin ka fitar da kuɗi, sa tsinke ka ɗaga ɓawon ɗaya daga cikin ƙwarin da suka manne a reshe. In ɓawon ya ɗago shi kaɗai ya bar ƙwaron a ƙasa, mai sulke ne. In ya taso har da jikinsa, ganye kuma yana danƙo ya yi baƙi kamar an shafa kunkunniya, mai laushi ne. Kowanne da rinar da ke kashe shi, kuma ɗaya ba ta yin aikin ɗaya.

Ga mai sulke, musamman jan nan da ke ɓata fatar lemu, rinar da ake kira Aphytis melinus ce zaɓina. 'Yar mitsitsiya ce rawaya, tsawonta kusan milimita 1, ba ta harbin mutum. Tana saka ƙwai a ƙarƙashin ɓawon, tsutsarta ta cinye ƙwaron. Daga Indiya da Pakistan aka kai ta Kalifoniya a shekarun 1950, kuma ta fi 'yar'uwarta Aphytis lingnanensis jure zafi da bushewar iska. Ita lingnanensis ta fi son wuri mai laima.

Sai dai fa lokaci shi ne komai. Da macen ƙwaron ta yi barbara, sai ta liƙe da ɓawonta, rina ba ta da ta yi. Ga shi kuma sanyi yana rage yawan rinar ƙwarai, ba ta cika gona sai ɗumi ya yi nisa, alhali ƙwarin sun riga sun hayayyafa. Shi ya sa masu lemun Kalifoniya ke fara saki da wuri, kaɗan-kaɗan duk mako 2, har yawan rinar ya kai kimanin 100,000 a eka guda cikin shekara. Wanda ya sayi tuli ɗaya ya sake su bayan ɓarna ta bayyana, ya yi asara.

Ga mai laushi akwai Metaphycus helvolus, 'yar asalin Afirka ta Kudu. A cikin jikin ƙwaron take girma, ta huda ɗan zagayayyen rami ta fita. Ƙananan ƙwari take kamawa, kuma ba kullum ake samunta wurin masu sayarwa ba.

In reshe ya riga ya rufe ruf, rina kaɗai ba za ta iya ba. Fara da feshin man da ake yi wa bishiya don kashe ƙwari, a bari ya bushe, ko ka haɗa da Chilocorus nigritus, baƙin ƙwaron da ke cinye masu sulke ɗungurungum.

Kada ka sayi ko ɗaya muddin tururuwa na hawa bishiyarka, domin korar rina take yi. Ƙura ma tana kashe rinar. Tambayi mai sayarwa ranar da aka ɗura su, ka duba suna motsi a cikin kwalba, ka sake su a ranar da suka iso, da safe ko da yamma, a gefen inuwa.