Na'urar ɗaukar bayanai ta makafi: abin da take yi mini har yanzu da abin da waya ta ƙwace mata

Ga wanda bai taɓa riƙe irinta ba, na'urar da nake sharhi a kanta ba ta wuce faɗin littafi ba. A samanta akwai maɓallai takwas na rubutun Braille, wato rubutun ɗigo da makafi suke karantawa da yatsa, da dogon maɓallin tazara, a ƙasansu kuma akwai layin ɗigo guda mai gurabe 32, kowane gurbi da 'yan tsinkaye takwas waɗanda suke tasowa suna nutsewa domin su fitar da harufa ƙarƙashin yatsa. A cikinta akwai kwamfuta sukutum mai tafiya da tsarin Android, wadda aka ɗora wa manhajar rubutu, da ta imel, da kalanda, da ta lissafi, da ta karanta littattafai. Na yi wasu shekaru ina aiki da ita kullum tare da waya da kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma ba zan ambaci sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, domin yawancin abin da zan yaba da abin da zan kushe halin wannan rukunin na'urori ne baki ɗaya.

Ya kamata a tuna cewa akwai lokacin da ba a ma tambayar ko makaho yana bukatar irin wannan na'ura. Lokacin da Deane Blazie ya fitar da Braille 'n Speak a Amurka a 1987, makaho ya samu abin ajiye rubutu a aljihunsa tun kafin yawancin masu gani su samu makamancinsa, sannan a 2000 BrailleNote ta fito daga kamfanin Pulse Data na ƙasar Niyu Zilan, ɗauke da murya da layin ɗigo a na'ura guda. Abin da ya sauya lissafin shi ne zuwan NVDA a 2006, manhajar karanta allo ta kyauta ga masu Windows, sannan sanya VoiceOver, manhajar karanta allo ta kamfanin Apple, a cikin iPhone 3GS a 2009, wanda ya nuna cewa makaho zai iya sayen wayar da kowa yake saya ya yi amfani da ita tun daga ranar farko. Tun daga nan na'urar musamman ta shiga halin kare kanta.

Zan fara da abin da ya hana ni ajiye ta, wato rubutu. Idan na danna maɓallinta tana farkawa ne daidai inda na tsaya, alamar rubutu tana motsi a ɗigo na bakwai da na takwas ƙarƙashin yatsana, ba sai na jira wani haɗi ba, ba kuma sai na nemi manhaja a cikin tarin manhajoji ba. A wurin taro wannan yana da muhimmancin da mai gani ba zai yi saurin fahimta ba: kunnuwana biyu suna wurin mai magana, yatsuna suna rubutu, idan kuma aka tambaye ni abin da aka tsayar a zaman da ya gabata, sai in zame hannu zuwa layin ɗigo in karanto shi da muryata, cikin saurin da na ga dama, ba tare da wata murya tana yi mini raɗa a kunne ina bin ta a baya ba. Duk wanda ya taɓa gabatar da jawabi yana maimaita abin da manhajar karanta allo take faɗa masa ya san yadda maganar take fita a gutsure, kuma masu sauraro suna lura. A saman kowane gurbi akwai ƙaramin maɓalli wanda idan ka taɓa shi alamar rubutu take zuwa kan wannan harafin kai tsaye, saboda haka gyara kuskure a tsakiyar jimla aikin daƙiƙa ɗaya ne. Sai kuma abin da ba a cika faɗa ba: murya tana ɓoye kuskuren rubutu. Suna ko kalma za su iya fita daidai a kunne alhali harufansu a karkace suke, waƙafi zai iya ɓacewa ba ka ji ba, amma yatsa ba ya yarda da wannan. Takardun da na rubuta a kan na'urar sun fi waɗanda na rubuta da kunne kaɗai tsafta, kuma ba ni da shakka a kan haka.

Batirinta yana kai ni yini guda na aiki, kuma tana buɗe littattafan da aka tsara a fayilolin BRF, wato fayilolin rubutun Braille, ba tare da gardama ba. A nan ba ni da ƙorafi.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aikin ya fita daga hannuna ya shafi wasu mutane. Waɗannan na'urori ana ƙera su ne kaɗan, ga kasuwa ƙarama, kuma kamfanonin sai sun ɗauki tsarin Android sun yi masa gyare-gyare masu yawa kafin ya dace da maɓallan Braille, saboda haka sau da yawa na'urar takan fito kasuwa da tsarin da ya riga ya kwana biyu, sannan ta zauna a kansa shekaru, alhali Google yana fitar da sabon tsari kowace shekara. A farko ban damu da wannan ba, domin rubutuna ba ya bukatar sabon tsari. Amma a hankali sai manhajoji suka fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya: wata ta ƙi sauka, tana cewa ba ta dace da na'urata ba, wata ta sauka amma ta cika da maɓallan da ba su da suna, waɗanda layin ɗigo yake nuna mini su a matsayin "maɓalli" kawai. Shafukan intanet masu nauyi sukan sa ta yi tsaye cik, yatsuna a kan layin da bai motsa ba, ban san ko tana tunani ba ne ko ta mutu. Akwai ranar da sashen kula da kwamfutoci a wurin aikina ya sanar da ni cewa ba zai bar na'urar da ta daina samun gyaran tsaro ta shiga akwatin imel na ma'aikata ba, kuma duk da ɓacin ran da na yi, ban ga laifinsu ba. Daga ranar, abin da aka sayar mini a matsayin na'ura guda mai yin komai ya koma littafin rubutu mai tsada.

Takardun ofis ma haka suke. Wasiƙa ko rahoto marar ado suna fita lafiya, amma da zarar abokin aiki ya turo takarda mai jadawali a cikin jadawali, da sharhi a gefe, da alamun gyaran da mutane da yawa suka yi, ko kuma babban shafin lissafi, to, kwamfuta mai manhajar karanta allo irin su NVDA ko JAWS ce take fitar da ni kunya. Na sha buɗe takarda a kan na'urar, in gyara kalma biyu, in mayar, sai a kira ni a ce tsarin shafukan ya wargaje.

Farashi ne yake sa wannan rauni ya yi zafi. Na'ura mai gurabe 32 daga manyan kamfanoni tana kaiwa tsakanin dalar Amurka 5,000 zuwa 6,000, kuma ba son kuɗi ne kaɗai ya jawo haka ba. Kowane tsinke yana zaune ne a kan wani siririn sanda mai lanƙwashewa idan lantarki ya ratsa shi, kuma a layi ɗaya akwai irinsu 256, kowanne sai ya tashi daidai tsayin ɗan'uwansa. Wannan ɓangare shi ne mai tsadar, shi ne kuma mai daɗewa, domin idan ana kula da tsaftarsa yakan yi shekaru masu yawa yana aiki. Kwamfutar da ke ciki kuwa ita ce mai araha, ita ce kuma mai saurin tsufa. Haɗa su a jiki ɗaya tamkar ɗaure doki da jaki ne a keke guda: dole tafiyar ta koma ta mai rauni. A yau layin ɗigona yana nan garau, amma ƙwaƙwalwar da ke tuƙa shi ta gaji, kuma babu hanyar da zan ciro ta in sa wata.

Ko layin ɗigon ma yakan yi ciwo, kuma ciwonsa yana da ban haushi. Akwai lokacin da ɗigo na uku a gurbi ɗaya ya maƙale a ƙasa, sai duk "k" da ta faɗo wurin ta zama "a", duk "l" ta zama "b", duk "m" ta zama "c", ni kuwa ina karatu ina yin tuntuɓe a wuri ɗaya a kowane layi. Gyaran ba na mai gyaran waya ba ne; sai an naɗe na'urar an aika wa kamfanin da ya ƙera ta, a jira makonni. A cikin waɗannan makonni ne na gane haɗarin zuba komai a wuri ɗaya, domin littattafaina da kalandata da bayanan tarurrukana duk sun tafi tare da ita.

Wannan jiran ne ya sa na gwada ɗaya hanyar da gaske, wato allon ɗigo zalla wanda ake haɗawa da waya ko kwamfuta ta Bluetooth ko ta kebul. Ba zan ce ta fi daɗi ba. Haɗin yakan yanke ba dalili, wani lokaci sai na kashe na kunna kafin wayar ta gane allon, kuma idan na yi saurin rubutu da gajerun kalmomin Braille, wayar takan makara wajen fassara su har ta haɗiye harafi ko ta jefa alamar rubutu wani wuri. Bayan kowace babbar sabuntawa sai mutum ya shiga zullumi, domin abin da yake aiki jiya zai iya lalacewa yau, kuma masu amfani da Braille ba su da yawan da za a gaggauta gyara saboda su. Amma a wannan hanya ina amfani da manhajar banki da ta taron bidiyo da ta taswira iri ɗaya da na kowa, a ranar da suka fito, kuma kyamarar waya tana karanta mini takardar da aka buga ko kwalin magani ta hanyar manhajoji irin su Seeing AI da Be My Eyes. Idan wayar ta tsufa zan sauya ta da ƙaramin kaso na kuɗin na'urar musamman, allon ɗigon kuma ya ci gaba da zama a hannuna.

Tazarar ma raguwa take yi daga ɓangarorin biyu. A 2018 aka amince da ƙa'ida guda ta haɗa allunan ɗigo ta USB domin a daina dogaro da manhajar kowane kamfani, a shekarar kuma Orbit Reader 20 ta shiga kasuwa a ƙasa da dala 500, da gurabe 20 da wurin ajiye rubutu da karanta littafi a jikinta. TalkBack, manhajar karanta allo ta Android, ya samu maɓallan Braille a kan gilashin waya a 2020, sannan a 2025 Apple ya ƙara Braille Access a cikin iOS 26, wanda yake ba mai allon ɗigo damar ɗaukar bayanai da buɗe fayilolin BRF da yin lissafi kusan yadda ake yi a na'urar musamman. Da yawa daga cikin allunan ɗigo na yanzu suna da ɗan littafin rubutu a ciki wanda yake aiki ko babu waya, kuma wannan, in an duba da kyau, shi ne kaso mafi girma na abin da nake yi da tawa na'urar.

Duk da haka ba zan ba kowa shawara iri ɗaya ba. Yaro ɗan makaranta da yake koyon Braille yana amfana da na'urar da take da tsari ɗaya tabbatacce, wadda malaminsa zai jona mata allon kallo ya ga abin da yake rubutawa da harufan masu gani, wadda kuma take juya lissafin da ya rubuta da tsarin Braille na Nemeth ko UEB zuwa abin da za a buga a takarda. Sharaɗina kawai shi ne kada a bar shi ya girma a cikinta ita kaɗai, domin ranar da zai nemi aiki kwamfutar ofis za a ajiye masa, kuma na ga masu ƙwazo da suka sha wuya saboda sun makara wajen koyon ta. Wanda ba ya gani kuma ba ya ji, shi lamarinsa daban ne, tunda idan haɗin Bluetooth ya yanke babu muryar da za ta gaya masa abin da ya faru, saboda haka na'urar da layin ɗigonta yake manne da ƙwaƙwalwarta kariya ce a gare shi. Akwai kuma fagen da waya ba ta ko kusanto ba, wato na'urori masu layuka da yawa irin su Monarch, mai layi 10 na gurabe 32, wadda take fitar da zane da jadawali a taɓa su da tafin hannu, ko da yake tsadarta ta ninka ta waɗanda nake magana a kansu.

Ni dai, a matsayina na babban mutum mai aikin ofis wanda ya riga ya iya kwamfuta, idan tawa ta kwanta ba zan sake sayen irinta da kuɗina ba. Zan sayi allon ɗigo mai gurabe 40 wanda yake da littafin rubutu a jikinsa kuma yake iya riƙe haɗi da na'urori da yawa a lokaci guda, in riƙa sauyawa tsakanin waya da kwamfuta da maɓalli ɗaya. Kafin in biya kuɗin, zan nemi a ba ni shi in yi rubutu mai tsawo da sauri a kan wayata domin in ga ko yana haɗiye harufa, zan tambayi inda ake gyaransa da tsawon lokacin da gyaran yake ɗauka, sannan in tabbatar cewa fayilolin da yake ajiyewa za a iya kwashe su zuwa katin ajiya a buɗe su a kowace kwamfuta.