SolrCloud a sikeli: gwanin bincike, amma mai gardama ranar buɗe kundi

Duk wanda bayanansa suka yi yawa har bincike ya fara jan ƙafa, ko dillalin kayan gyaran mota ne a Abossey Okai, ko makaranta ce a Nima mai son a riƙa lalubo kalma cikin littattafanta, ba zai daɗe ba za a ambata masa Apache Solr. Manhajar bincike ce ta kyauta da Yonik Seeley ya fara a kamfanin CNET a 2004, aka miƙa ta ga gidauniyar Apache a 2006. Tsarin SolrCloud, wanda ke raba aiki tsakanin sabobi (kwamfutocin da ke gudanar da manhajar) da yawa, ya shigo ne da fitowa ta 4.0 a 2012.

Wajen binciken kansa, yabo ya dace da shi, musamman gare mu a nan Ankara da muke gauraya Hausa da Twi da Turanci a rumbu ɗaya. Matatar ASCIIFoldingFilterFactory tana mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, har da ɛ da ɔ na Twi, don haka mai wayar da ba ta da haruffa masu ƙugiya zai rubuta "karfe" ya sami "ƙarfe". Illarta ɗaya, "kasa" da "ƙasa" za su zama abu guda a wurinta.

Inda yake ba da ciwon kai shi ne matakin farko, wato ƙirƙirar kundin bayanai, abin da Solr ke kira collection. Sai ka san hanyar da umarnin ke bi kafin ka gane inda ya maƙale. Ka aika CREATE ga kowace saba, ita kuma ta jefa shi cikin layi a ZooKeeper, wato manhajar da ke ajiye saituna da daidaita aikin sabobin. Saba ɗaya da aka zaɓa a matsayin Overseer ta ɗauka, ta rubuta state.json a ƙarƙashin /collections, ta duba /live_nodes ta zaɓi waɗanda za su ɗauki kowane yanki na kundin, sannan ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Kowaccensu sai ta sauko da saituna daga ZooKeeper ta gina nata kason. Ko'ina igiyar ta tsinke, sau da yawa saƙo ɗaya za ka gani: "Underlying core creation failed while creating collection". Wannan shi ne babban aibin manhajar a ganinmu, domin saƙon bai faɗi wace saba ba, bai faɗi dalili ba. Dalilin yana cikin /var/solr/logs/solr.log na sabar da ta gaza, ba lallai wadda ka aika wa umarni ba, kuma layin "Caused by" na ƙarshe shi ne mai gaskiyar.

Sunan kundi ba ya karɓar haruffanmu. A zuwa Z na Turanci, lambobi, ɗigo, karan tsakiya da na ƙasa kawai, kuma kada ya fara da karan tsakiya. "ƙamus" za a ƙi shi, "kamus" zai wuce.

Mafi yawan matsala daga ƙunshin saituna take fitowa. A SolrCloud, solrconfig.xml da fayil ɗin tsarin filaye ba a kan faifan saba ake karanta su ba, dole a ɗora su ZooKeeper tukuna da bin/solr zk upconfig, a ba su suna, sannan a kira wannan sunan a collection.configName. Kuskuren harafi ɗaya, ka sami "Can not find the specified config set". Wannan ma da sauƙi, tunda ya yi magana. Mai haɗarin shi ne ka manta sunan gaba ɗaya: Solr zai kwafi _default ya liƙa masa AUTOCREATED, kundi ya buɗu lafiya, alhali babu ko ɗaya daga filayen da ka tsara. Masu ƙaura daga fitowa ta 8 zuwa ta 9, wadda ta fito a 2022 kuma take buƙatar aƙalla Java 11, su tsefe tsofaffin saitunansu layi-layi. An cire FastLRUCache da LRUCache, CaffeineCache ya maye gurbinsu. An cire DataImportHandler. Duk layin da ya rage yana kiran ɗayansu zai kayar da ƙirƙirar. Haka matatun ICU, masu sarrafa haruffan harsuna daban-daban: sai an sa SOLR_MODULES=analysis-extras a solr.in.sh na kowace saba, a sake kunna ta. In ka sa a biyu ka manta ta uku, aikin zai faɗi duk lokacin da rabo ya biyo ta kanta, shi ya sa wasu ke ganin kamar yau yana yi gobe yana ƙi. Akwai kuma iyakar ZooKeeper ta kusan megabait 1 ga kowane fayil. Jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya na kayan mota, inda ƙarfe guda ke da sunan kamfani da sunan kasuwa da lamba, yana iya zarce hakan. Maganinsa jute.maxbuffer, kuma sai an ɗaga shi a ɓangarorin biyu, ZooKeeper da Solr.

Sai hanyar sadarwa. Solr 9 yana sauraro ne a 127.0.0.1 kaɗai sai an ce masa akasin haka, matakin tsaro ne mai kyau, amma yana nufin sabobi za su bayyana a /live_nodes kamar lafiya lau alhali ba sa jin kiran juna. A gyara SOLR_JETTY_HOST, sannan a rubuta ainihin adireshin kowace na'ura a SOLR_HOST. A Ubuntu da Debian, sunan na'ura kan koma 127.0.1.1 a /etc/hosts, saba ta yi rajista da shi, Overseer ya kira ta ya ƙare yana kiran kansa. Ƙofa 8983 ta kasance buɗe tsakanin sabobin Solr, 2181 zuwa ZooKeeper, 2888 da 3888 tsakanin ZooKeeper da 'yan'uwansa. Don Allah kada a buɗe 8983 ga intanet ba tare da an sa security.json, fayil ɗin saitunan tsaro, ba.

Masu riƙe da fitowa ta 8 suna da wani lissafi. Yanki 2, kwafi 2, kaso 4 ke nan. Saba 2 da maxShardsPerNode, iyakar kason da saba ɗaya za ta ɗauka, a kan 1, gurbi 2 ne kacal, don haka za a ƙi. A mayar da shi 2. An cire wannan saitin a ta 9.

Batun wuta ya fi shafarmu fiye da waɗanda suka rubuta littafin jagorar. ZooKeeper ba ya karɓar rubutu sai mafi rinjayen sabobinsa suna raye: uku na jure mutuwar ɗaya, biyar na jure biyu, biyu kuwa ba sa jure komai. Uku da aka jona a soket ɗaya da UPS ɗaya, ranar dumsor, wato ɗaukewar wuta, tamkar ɗaya ne. ZooKeeper ɗin da ke zuwa cikin Solr a ƙofa 9983 na gwaji ne kawai. Idan rinjaye ya ɓace ko Overseer ya maƙale, CREATE zai yi jira daƙiƙa 180 ya ce lokaci ya ƙare. Kada ka yi gaggawar sake aikawa, domin na farkon yana iya kasancewa a layi. Duba CLUSTERSTATUS da OVERSEERSTATUS tukuna. Ga babban kundi, ka haɗa da async da wata lamba, ka riƙa bin sa da REQUESTSTATUS.

Ƙirƙirar da wuta ta yanke a tsakiya takan bar saura. Fara da DELETE na kundin, sannan ka leƙa /var/solr/data a kowace saba. Jakar da ta rage da core.properties a ciki za ta hana sabon kaso mai irin sunanta zama. Duba mamallakin jakunkunan ma, don wanda ya taɓa tilasta kunna Solr a matsayin root ya bar fayilolin da asusun solr ba zai iya taɓawa ba. Iyakar buɗaɗɗun fayiloli ta kai 65000 kamar yadda gargaɗin farawa ke nema, kuma megabait 512 da yake zuwa da shi a SOLR_HEAP, wato ƙwaƙwalwar da ake ware wa Solr, ya yi kaɗan ga aikin gaske.

Wa ya kamata ya ɗauka? Mai bayanan da suka fi ƙarfin na'ura ɗaya, ko wanda rufewar bincike na awa guda za ta jawo masa asarar sidi mai yawa, kuma yana da halin riƙe ZooKeeper uku a layukan wuta daban-daban da aƙalla sabar Solr biyu. Shagon da jerin kayansa ke shiga na'ura ɗaya ya kunna Solr shi kaɗai ba tare da ZooKeeper ba, ya riƙa kwafe bayanansa kowane dare zuwa wani faifai da ba a cikin shagon yake kwana ba.