Gargaɗi ga masu ƙera ƙananan jirage: hattara da mai tallar injin Rotax mai araha

Jama'a, musamman matasanmu masu walda da kanikanci da ɗaliban injiniya da ke da burin haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsu, ga wata damfara ta shigo mana, kuma ta riga ta cinye kuɗin wani yaro da na sani. Wani mutum ne ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp yana tallar injin jirgi ƙirar Rotax 912, wai na hannu ne amma garau yake, an cire shi daga jirgin wata makarantar koyon tuƙi a Turai, yana cikin kwantena a Kwatano yana jiran mai rabo. Yau sunansa wannan, gobe wancan, lambar waya ma haka, shi ya sa ban ga amfanin kawo su ba. Salon aikin ne ba ya canzawa, shi nake so ku gane.

Yaron nan mai walda ne. Ya daɗe yana tara ɗan abin da yake samu, ya haɗa gangar jirgi mai kujera ɗaya da bututun ƙarfe a bayan shagonsa, ya yi haƙarƙarin fukafukai da katako mai laushi, kowane ɗaya ya goge shi da hannu har ya yi sumul. Inji kaɗai ya rage masa. Da ya ga tallar ya tura saƙo, nan take aka amsa masa da hotuna masu kyau da ɗan bidiyon inji yana ruri a kan benci. Mutumin ya ce masa, "Ƙanena, don na ga kai ɗan Arewa ne mai basira zan rage maka. Amma akwai wani Alhaji da ke zuwa da kuɗi hannu jibi, in kana so ka ajiye kafin alƙalami yau." Ya tura. Bayan kwana kaɗan aka ce 'yan kwastan sun tsare kaya a kan iyaka, sai an biya kuɗin fito. Ya ci bashi a wurin yayansa ya tura. Sai aka ce ana buƙatar wata takardar izinin tsaro. A nan ne ya kawo mini wayarsa ya ce, "Malam, duba mini wannan." Na ɗauki hoton injin na saka a binciken hotuna na Google, sai ga shi ya fito a wani tsohon tallan ƙasar waje, da benci ɗaya, da tabon mai ɗaya a ƙasa. Asusun da ya tura wa kuɗi kuwa na wani mutum ne can daban, ba sunan kamfani ba, ba ma sunan mai tallar ba. Da aka nemi kiran bidiyo, sai layi ya mutu.

Farashin kaɗai ya isa ya tona asirin. Kamfanin BRP-Rotax ne ke ƙera wannan inji a garin Gunskirchen na ƙasar Ostiriya, tun 1989 yake kasuwa, kuma yana cikin injunan da ƙananan jirage suka fi amfani da su a duniya. Samfurin 912 UL yana da ƙarfin dawaki 80, 912 ULS yana da 100. Sabonsa yana kaiwa wajen dala dubu 20, wani ya haura. Na hannu mai lafiya da cikakkun takardu ba ya kwana a kasuwa a Turai ko Amurka, masu nema sun fi kayan yawa. To me zai sa wanda ke da irin wannan haja ya tsallake su duka, ya zo ya sayar wa mai walda a nan a kan kuɗin da bai kai na tsohuwar mota ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Amma wallahi wanda ya karɓi kuɗi ya ɓace ba shi ne ya fi tayar mini da hankali ba. Kuɗi ya tafi, rai yana nan. Wanda nake tsoro shi ne wanda zai kawo maka inji da gaske, a cikin akwatin katako, an wanke shi an fesa masa fenti yana walƙiya, ka ɗaura shi a hancin jirginka ka hau.

Hanyoyin wannan cutar suna da yawa. Sunan Rotax ba a kan injin jirgi kaɗai yake ba. Kamfanin yana yin injunan babur na kan ruwa da na kan dusar ƙanƙara da ƙananan motocin tsere, kuma wasu daga cikinsu sun yi kama sosai da Rotax 582, wato ƙaramin injin jirgi mai ƙarfin dawaki 65 da ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Wanda bai sani ba zai ga tambarin ya gamsu. Alhali na jirgi yana da fulogi biyu a kowace silinda, da hanyar wuta biyu masu zaman kansu, don in ɗaya ta ɗauke ɗayar ta riƙe ka har ka sauka. Akwai kuma injin sata. An sha fasa rumfunan ajiye jirage a Turai a kwance injunan Rotax cikin dare, har kamfanin yana da jerin lambobin injunan da aka sace, wanda dillalansa ke dubawa. Irin waɗannan ne za ka ga an goge ɗan allon ƙarfen da ke ɗauke da lambar inji, ko an manna wani. Ranar da ka nemi kayan gyara daga dillali na halal, lambar nan zai fara tambayarka.

Mafi muni shi ne injin da ya taɓa haɗari. In farfela ta daki ƙasa ko wani abu mai tauri tana juyawa, karanshaf, wato babbar sandar ƙarfe da ke juyawa a cikin inji, na iya lanƙwashewa ko ya tsage daga ciki, tsagar da ido ba ya gani. Injin zai tashi, zai yi ƙara mai daɗi a kan benci, zai ma yi awoyi yana aiki, sai ranar da ka ba shi wuta duka ka ɗaga sama da bishiyoyi ya karye. Shi ya sa a ƙa'idar jirage, duk injin da farfelarsa ta bugi wani abu sai an buɗe an auna shi kafin ya sake tashi. Wannan bincike yana da tsada, kuma wani lokacin sakamakonsa shi ne a jefar da injin. Irin wanda aka yar ɗin ne ke biyo hanya ya zo mana da sunan araha.

Abin da ke raba injin jirgi da tarin ƙarfe shi ne littafin tarihinsa. Kowane inji yana da littafin da ake rubuta awoyin da ya yi, da ranar da aka canza masa mai, da gyaran da aka yi masa, da sa hannun wanda ya yi. Rotax 912 na zamanin nan ana ba shi awa 2,000 ko shekara 15 kafin a kwance shi gaba ɗaya a sabunta, duk wanda ya fara cika. Tiyo-tiyonsa na roba da robobin kafireto ana canza su duk shekara 5 ko da jirgin bai tashi ba. Shi kuwa 582 awa 300 kacal ake ba shi. Idan mai sayarwa ya ce maka "awa ɗari biyu kawai ya yi" amma littafi ya ɓace a hanya, to bakinsa kaɗai ka saya. Ni a wurina injin da ba shi da littafi ya dace da janareta ko kwale-kwale, ba abin da zai ɗauki ɗan mutum sama ba. Ku sani ko sabon injin irin waɗannan, kamfanin da kansa ya rubuta a littafin jagora cewa zai iya mutuwa ba zato, don haka kada a bi da shi inda ba za a iya sauka ba in ya tsaya. Wannan fa maganar mai ƙera shi ce a kan sabo fil.

Mai tallar nan yana da haja ta biyu ga wanda kuɗinsa bai kai ba: injin mota da ya ce an "mayar da shi na jirgi", a tura rabin kuɗi a haɗa maka. Gaskiya ne ana tashi da injin mota. Masu haɗa jirage a gida sun daɗe suna amfani da injin Volkswagen mai sanyaya da iska, da na Corvair da Subaru da Honda, kuma akwai kamfanonin da suka ƙware a wannan juyi. A nan Kano ma, a 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa helikwafta da tarkacen motoci da babura da injin Honda Civic. Basira muna da ita, ba a nan matsalar take ba. Matsalar ita ce juyar da injin mota aiki ne na lissafi mai zurfi. Mota a kan titi kaɗan take ci daga ƙarfin injinta, jirgi kuwa yana riƙe kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin awa bayan awa, ga cikakkiyar wuta lokacin tashi. Injin mota sai ya kai juyi dubu biyar zuwa shida a minti yake ba da ƙarfinsa, farfela kuwa in ta wuce wajen 2,700 bakinta yana kusantar gudun sauti, ƙara ta yi yawa, jan iska ya ragu. Galibi dole a sa giya mai rage gudu a tsakani. Rotax 912 da kansa yana juyi 5,800 lokacin tashi, giyarsa ce ke sauko da shi zuwa abin da farfela za ta ɗauka. Wannan giya ita ce inda aikin gida ya fi mutuwa, domin bugun fistan da nauyin farfela suna ja-in-ja da juna, girgizar ta cinye haƙoran giya ko ta tsinke bel. Wanda ya ce zai yi maka wannan a mako biyu daga hoton WhatsApp, ko ɓarawo ne ko bai san abin da yake faɗa ba, kuma dukansu kabari ɗaya suke haƙa maka.

Ga kuma yanayinmu. Inji marar turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk ƙafa dubu da aka hau, zafi kuma yana ƙara sirantar da iska kamar an ƙara tsayi. Kano tana sama da teku da ƙafa dubu ɗaya da ɗari biyar da wani abu, Jos ta haura dubu huɗu. A zafin Afrilu, injin da aka rubuta masa dawaki 80 ba 80 zai ba ka ba, fukafukan ma ba za su kama iska kamar yadda lissafin takarda ya nuna ba. In injin ya riga ya gaji tun daga inda ya fito, sai ka ƙare filin gudu ba ka ɗaga ba, ko ka ɗaga ka kasa haye itacen da ke gabanka. Fetur ma abin lura ne: 912 ULS yana buƙatar mai ingancin oktan 95, ba na galan a bakin titi ba.

Biyan kuɗi kafin a ga inji tsohon rami ne, har Turawa sun faɗa cikinsa. A farkon shekarun 1970 wani injiniya a Amurka, Jim Bede, ya fito da ƙaramin jirgi mai suna BD-5. Mutane sama da dubu biyar suka sayi kayan haɗa shi a gida bisa alƙawarin inji zai biyo baya. Kamfanin Hirth na Jamus da ake sa ran zai samar da injin ya karye, kamfanin Bede ma ya rushe a 1979, hukumar kula da ciniki ta Amurka ta hana shi karɓar kafin alƙalami na jirage har shekara goma. Masu haƙuri suka bar gangar jirginsu a gareji. Marasa haƙuri suka ɗaura duk injin da suka samu, da dama suka faɗo tun a tashin farko, wasu suka rasa rayukansu. Wannan fa mutum ne sananne mai masana'anta da adireshi, ba mai lambar waya da ke canzawa duk mako ba.

Ƙarya ta ƙarshe da mutumin nan ke yi ita ce wai zai haɗa maka da "lasisi" in ka ƙara wani abu. Babu ɗan kasuwar da ke ba da izinin tashi. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke yi wa jirgi rajista da lamba mai farawa da 5N, a Nijar kuwa 5U, kuma sai an duba jirgin an duba matuƙin. Masu ilimin nan suna kusa da mu. Kwalejin koyon tuƙin jirage da ke Zariya tana nan tun 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyin gyaran jirage. A Kaduna aka haɗa jiragen Air Beetle guda 60 da sojojin saman Najeriya suka yi horo da su, kuma asalinsu samfurin RV-6A ne na kamfanin Van's, wato jirgin da mutane ke haɗawa a garejinsu a Amurka, da injin Lycoming. Akwai dattawan da suka yi wannan aiki da hannunsu suna raye a cikinmu. Kafin ka tura ko sisi, nemi injiniyan jirgi mai lasisi ka nuna masa abin da za ka saya.

Ga wanda ke tsakiyar ciniki yanzu, ka ce wa mai kayan ya kira ka ta bidiyo, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da allon lambar injin, ya buɗe littafin tarihin shafi-shafi kana gani. Ka ɗauki lambar ka tura wa dillalin Rotax da kamfanin ya amince da shi, sunayensu suna shafin kamfanin, su gaya maka ko na jirgi ne, ko na sata ne, da shekarar da aka ƙera shi. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan. Kada ka biya ta asusun wani mutum daban, ko ta kirifto, ko don an ce wani Alhaji na zuwa jibi.

Wanda kuma ya riga ya tura, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ka je bankinka a ranar ka shigar da ƙorafi a rubuce ko za a iya tsare asusun, ka ajiye rasit da duk saƙonni da muryoyin da ya turo maka, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC. In wani ya kira ka daga baya ya ce zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya ladan aiki, su ne dai suka dawo da wata lambar. Idan kuwa an riga an kawo maka injin yana ajiye a shago, don girman Allah kada ka ɗaura shi a jirgi sai wanda ya san aikin ya buɗe shi ya auna karanshaf ɗin.